Yadda za ka sassaƙa wa yaro ɗan kalangu ko da wuyan hannunka na ciwo

Farko dai zaɓen ice, nan ne mutane ke jawo wa kansu wahala. Kar ka taɓa ƙirya, wannan ta turmi ce, kafin ka rarake ta hannun ya gama kumbura. Nemi alilliba, da ita masassaƙa suka saba yin ganga, kuma gara ɗanya ɗanya don ta fi laushi. Kamar kamu ɗaya ya ishi yaro.

Ka wasa gizagonka sosai, dakusasshen ƙarfe shi ke sa mutum dannawa da ƙarfi. Itacen kuma kar ka riƙe shi da hannu, ɗaure shi jikin benci ko ka taka da ƙafa, sara ƙanana ƙanana, motsin ya fito daga gwiwar hannu wuyan hannun yana miƙe. Rarakar cikin ita ce fitina wallahi, ni dai shawarata ka kai wa kafinta ya huda maka da drill, kai sai gyara da samfefa.

Ka naɗa bandeji, kana yi kana hutawa, in ka ji zugi ko yatsu sun fara dindiris to ajiye sai gobe, in ya ƙi lafawa a je asibiti. In ka gama sassaƙar, ka shafe itacen da man kaɗanya ya bushe a inuwa kar ya tsage, fata da tsirkiya kuma a bar wa masu haɗa kalangu.