Shawara ga mai son ɗora babban inji a tsohuwar Hilux

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu tsohuwar Hilux mai injin 2L, wato dizal mai lita 2.4, da yawa na sha'awar sa mata 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0. A ganina dabara ce mai kyau, domin gida ɗaya suka fito, galibi kujerun inji, wato ƙarafan da injin ke zama a kansu, da giyabos suna karɓarsu ba tare da walda mai yawa ba.

Amma kafin ka biya kuɗin injin da aka ɗauko daga Duwala ta Kamaru, sa a tayar maka da shi yana sanyi. Farin hayaƙin da ya ƙi yankewa, ko iska mai ƙarfi daga bakin zuba baƙin mai, ka haƙura da shi komai arharsa.

Inda mutane suka fi yin sakaci shi ne lagireto. Babban inji ya fi zafi, ga ranar Maris da Afrilu a Garwa da Marwa tana wuce digiri 40. Ka bar tsohon lagireto, ka hau dutsen hanyar Ngawundere da kaya, gasket ɗin kan inji ya ƙone. Sa lagireto mai layi uku, ka tabbatar fanka tana ja sosai. Canza bel ɗin taimin tun injin yana ƙasa, don ba ka san tafiyar da ya yi ba. Kuloci da birki ma a sabunta.

Fenti da kujerun zama su zo daga baya, Alhaji, mota ta fara tafiya tukuna. Takardar sayen injin kuma a ajiye ta, sannan a je a gyara bayanan katin mota kafin jandarma su tare ka a hanya.