Kiwon ƙaramin kifin zaki a tankin ruwan gishiri: abin da mai gida a Gombe zai tanada

Ƙaramin kifin zaki, kifin teku mai ƙayoyi masu dafi da ake kira lionfish da Turanci, yana da juriya fiye da yawancin kifayen ado na teku. Ba ya yawan iyo, ba ya neman haske mai ƙarfi, kuma sau biyu ko uku kawai yake cin abinci a mako. Abin da ke kashe shi a gari irin Gombe ko Bauchi kusan kullum ɗaya ne daga cikin uku: zafin bazara da ya haɗu da ɗaukewar wuta, ruwan da ba a haɗa shi daidai ba, ko abincin da bai dace ba. Don haka sayen kifin shi ne na ƙarshe a jerin ayyuka, kuma tsakanin ranar da ka zuba ruwa da ranar da kifi zai shiga akwai mako huɗu zuwa shida.

Wanne za ka saya

Ana kiran ƙananan da sunan Dendrochirus, kuma uku ne ake yawan samu a hannun 'yan kasuwa. Dendrochirus brachypterus yakan kai santimita 15 zuwa 17, shi ne ya fi saurin sabawa da mataccen abinci, kuma shi muke ba mai farawa shawara ya nema. Dendrochirus zebra ya ɗan fi shi girma. Dendrochirus biocellatus, mai ɗigo biyu a bayansa da dogon gashin baki, shi ne ƙaraminsu, amma ɓoyewa yake yi da rana, kuma koya masa cin abinci aiki ne. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Ka tambayi sunan kimiyya kafin ka biya kuɗi. Ɗan Pterois volitans, wato babban kifin zaki, yana kama da su yana ƙarami, amma yakan wuce santimita 35 idan ya girma, tankin da za mu bayyana ba zai ɗauke shi ba. Asalin waɗannan kifaye Tekun Indiya ne da yammacin Fasifik, har da Bahar Maliya da gaɓar Kenya da Tanzaniya, inda suke laɓewa a ƙarƙashin duwatsu suna jiran ƙananan kifaye da jatan lande.

Wuta da zafi

Ruwan tankin yana son ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 na ma'aunin Salshiyos. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a Gombe yakan doshi 40, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba ya hucewa da wuri. Ruwan da ya wuce 30 haɗari ne, domin yayin da ruwa ke ƙara ɗumi iskar oksijin da ke cikinsa raguwa take yi, shi kuma kifin buƙatarsa ƙaruwa take yi. Ruwan gishiri kuwa tun asali yana riƙe oksijin ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi 20 cikin 100. Idan aka ɗauke wuta da tsakar rana a watan Afrilu, injin juya ruwa ya tsaya, 'yan sa'o'i sun isa a yi asara.

Ga lissafin da za ka kai wa mai haɗa maka sola. Injin tace ruwa da mai kaɗa ruwa da na'urar kwashe kumfa, a tanki mai lita 200, jimillarsu wajen wat 40 ne. Awa 12 na dare ke nan wat-awa 480. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da 1,200, amma idan na ruwa ne rabinsa kawai ya kamata a ja, wato 600. Ya isa dare ɗaya, ba rara mai yawa. Kada a jona fitila ko hita a wannan layin. Ka kuma ajiye ƙaramin injin hura iska mai batir, irin wanda ke tashi da kansa idan wuta ta tafi. Shi ne mafi arha a duk kayan, kuma shi ke ceton kifi ranar da inbata ta ƙi.

Wajen sanyaya ruwa, hanya mafi sauƙi ita ce ƙaramar fanka da ke hura saman ruwan. Tana iya rage digiri 2 zuwa 3, kuma a busasshiyar iskar Maris da Afrilu ta fi aiki sosai. Da damina ta matso, iska ta yi laima, ƙarfinta sai ya ragu. Wanda ɗakinsa ke wuce 33 kullum, ko dai ya sa tankin a ɗaki mai na'urar sanyaya ɗaki, ko ya sayi na'urar sanyaya ruwan tanki, wadda ita kaɗai za ta ci wat 150 zuwa 200. Gorar ƙanƙara a rufe tana taimakawa a ranar gaggawa, amma kada a zuba ƙanƙara tsirara, kuma kada a sauke zafin da sauri. A lokacin hunturu kuma, Disamba da Janairu, dare yakan yi sanyin da zai sa ruwa ya faɗi ƙasa da 22, sai a sa hita mai wat 100 zuwa 150 a saita ta a 25.

Wurin ajiyewa: nesa da taga, a ɗakin da ya fi ko'ina sanyi, kuma wanda ba a fesa maganin sauro a cikinsa. Magungunan feshi da na kunnawa guba ne mai ƙarfi ga kifi, kaɗan ya isa. A gaya wa uwargida da yara tun ranar farko.

Tanki da ruwa

Littattafai sukan ce lita 115 ta isa kifi ɗaya. A yanayinmu ka yi lita 200, domin ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya kuma saurin lalacewa. Tsawon santimita 100, faɗi 45, tsayi 45, da gilashi mai kaurin milimita 10. Mai haɗa gilashin ya yi amfani da silikon na tankin kifi, ba na banɗaki mai maganin fumfuna ba. Idan ya cika, da duwatsu da komai, nauyinsa zai doshi kilo 300, don haka teburin falo ba zai yi ba. Ruwan gishiri yana cin ƙarfe, sai a shafa wa mazaunin fenti mai kyau, kuma kada tagulla ko jan ƙarfe ya taɓa ruwan.

Gishirin miya ba ya wannan aiki, haka kanwa ko manda. Ana sayen gishirin teku na tankin kifi, wanda aka haɗa shi da kalsiyam da magniziyam da sinadaran da ke riƙe pH, wato awon tsamin ruwa, tsakanin 8.1 da 8.4. Ana zuba kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato kilo 7 da ɗoriya a cikon farko. Ruwa ake fara zubawa a bokiti, sannan gishiri a kai, a bar injin kaɗawa ya juya shi kwana ɗaya. Awon gishirin da ake nema 1.023 zuwa 1.025 ne, a auna da rifaraktomita, wato na'urar auna gishirin ruwa. Ma'aunin roba mai allura yakan yi ƙarya idan kumfa ta maƙale masa.

Ruwan famfo, ko na Dadin Kowa ne a Gombe ko na Gubi a Bauchi, an sa masa kulorin, kuma kulorin yana kashe kifi da ƙwayoyin da ke tsabtace tanki. Na burtsatse da na rijiya babu kulorin, amma ba ka san naitiret (sinadarin da za mu yi bayaninsa a gaba) da ƙarfen da ke ciki ba. Ƙaramar na'urar tace ruwa da ake kira RO, mai cire abubuwan da suka narke a ruwa, ita ce maganin duka biyun. Ka haɗa ta da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa: idan ruwan da ke fitowa ya wuce 10, lokacin canza matata ya yi.

Akwai kuskuren da ya fi kowanne yawa a nan. Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Idan ruwan tanki ya ragu, ruwan RO zalla ake ƙarawa, ba ruwan gishiri ba. Da iskar hunturu ko da fanka, tanki mai lita 200 yana iya rasa lita 2 zuwa 4 a rana. Ka yi alama a jikin gilashi, ka cike zuwa alamar kullum. Wanda ya bari sai mako ya zagayo, kifinsa yana zaune a ruwan da gishirinsa ke hawa a hankali sannan ya faɗo lokaci guda.

A ƙasa a shimfiɗa yashin aragonait, wato yashin tankin ruwan gishiri, mai kaurin santimita 2 zuwa 3, a jera kilo 15 zuwa 20 na dutsen tanki mai ramuka, a yi kogo biyu ko uku da rumfar da kifin zai rataya a ƙarƙashinta, don haka yake hutawa, wani lokaci kai a ƙasa. Dutsen da ake fasawa don gini ba shi da ramukan da ake buƙata.

Ramukan nan gidan bakteriya ne. Kashin kifi yana zama amoniya, wadda guba ce. Wasu bakteriya suna mayar da ita naitirayit, NO2, shi ma guba, wasu kuma su mayar da shi naitiret, NO3, mai sauƙin illa. Don su hayayyafa, jefa ɗanyen jatan lande guda ɗaya a tankin da babu kifi, ka ƙara bakteriyar kwalba idan ka samu, ka riƙa aunawa duk bayan kwana uku. Amoniya za ta hau ta sauka, NO2 ya biyo baya. Sai dukansu sun koma sifili za a ce tanki ya nuna, yawanci mako 4 zuwa 6. Daga nan duk mako biyu a canza lita 20 zuwa 30, a riƙe NO3 ƙasa da 20.

Ranar da kifi ya iso

Daga Legas ake kawo irin wannan kifi, kuma tafiyar mota ta yi masa tsawo. A turo shi ta jirgi cikin leda mai oksijin da akwatin soso, ka tsaya a filin jirgi na Lawanti ka karɓa da kanka, kuma kada a yi odar a tsakiyar bazara. Kafin ka biya, ka ce a nuna maka bidiyonsa yana cin abinci.

A gida, kashe fitila, ɗora ledar a rufe a kan ruwa minti 15 zuwa 20. Juye shi da ruwansa a bokiti, ka riƙa ɗiga masa ruwan tanki har awon gishiri ya daidaita, kada ya wuce minti 30 zuwa 40, domin da an buɗe leda amoniyar da ta taru a hanya takan ƙara dafi. Ɗauke shi da kwanon roba mai zurfi. Raga tana sarƙe ƙayoyinsa. Ruwan leda a zubar.

Abinci

Yawancinsu daga teku aka kamo su, abin da ke motsi kawai suka sani. A makon farko za a iya ba shi 'ya'yan kifi masu rai don kada ya rame, amma ba abincin dindindin ba ne. Kifin ruwan daɗi ba shi da irin kitsen da kifin teku ke buƙata, kuma wasu, kamar jan kifin ado na gwal, suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Kifin zakin da aka riƙe a kansu yakan yi ƙiba a ido, sannan ya daina ci.

Samo siririn tsinken roba mai tsawo, ka soka yankan ɗanyen jatan lande, ka karkaɗa shi a gabansa da yamma bayan ya yi kwana biyu ko uku bai ci ba. Zai buɗe fikafikansa ya matso a hankali, sannan ya zuƙe lokaci guda. Wani a kwana uku yake koya, wani sai ya yi makonni. Idan ya karɓa, a riƙa sauya masa: jatan lande, farin kifin teku na gidan sanyi irin su panla, a ɗiga maganin bitamin na kifi sau ɗaya a mako. Titus ya cika mai, yana ɓata ruwa. Busasshen kirafish da duk abin da aka banda ko aka sa wa gishiri ba nasa ba ne. Yanka kada ya fi idonsa girma sosai, biyu zuwa huɗu, har cikinsa ya ɗan taso. Zai riƙa zuwa gaban gilashi yana roƙo, kada ka biye masa. Abin da bai ci ba a cire a take. Idan firiza ta narke ta sake daskarewa, abincin ya tashi daga aiki.

Duk abin da zai shiga bakinsa abinci ne, kuma bakin ya fi yadda ake zato faɗi: kifin da bai kai rabin tsawonsa ba, ko jatan landen ado, ba za su kwana da yawa ba. Masu cizon fiffike kuma su ne za su cutar da shi. Maza biyu faɗa suke yi. A lita 200, shi kaɗai ya fi. Lokaci-lokaci za ka ga ya girgiza ya tuɓe wata farar fata kamar yana, wannan al'adarsa ce. Idan ta yawaita, ko ido ya yi hazo, ko yana numfashi da sauri, fara da auna ruwa kafin ka nemi magani.

Dafi

Kifin yana da ƙayoyi 13 a baya, 3 a ƙasa kusa da wutsiya, da ɗaya a kowane fiffiken ciki, duk da dafi. Wanda ƙayar kurungu ta taɓa soka ya san kamannin abin, sai dai wannan ya fi zafi nesa ba kusa ba. Ba ya kai hari, yawanci hannu ne ke faɗa masa wajen goge gilashi ko gyara dutse. Ka san inda yake kafin ka sa hannu, ka yi aiki da dogon hantsaki, kuma tankin ya kasance da murfin raga da yaro ba zai iya ɗagawa ba. Ko mataccensa yana da dafi.

Idan ya soke ka, cire zobe kafin yatsa ya kumbura, ka zare guntun ƙaya idan ana ganinsa, ka wanke, sannan ka tsoma wurin a ruwa mai zafin digiri 42 zuwa 45 na minti 30 zuwa 90. Wani ya gwada ruwan da lafiyayyen hannu, domin raɗaɗi yana hana mutum jin ƙuna. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure. A je asibiti a duba ko ƙaya ta karye a ciki, a kuma duba allurar tetanus. Idan yaro ne, ko an ga ƙuncin numfashi, jiri, ko kumburin fuska, a tafi nan take ba tare da jiran ruwa ya yi zafi ba, a kuma tafi da hoton kifin da sunansa a rubuce don likita ya san abin da yake magani.