Yadda nake ɗaukar hoton dare a bakin tafkin Jabi

Hoton da za ka ga ruwa ya kwanta luf kamar madubi, fitilu sun zubo masa dogayen launuka, ba aikin kwamfuta ba ne. Idon kyamara aka bari a buɗe na daƙiƙa 15 ko 30, har ƙananan igiyoyin ruwan suka narke cikin juna. Ni a tafkin Jabi da ke Abuja nake ɗaukar nawa, don fitilun Jabi Lake Mall kan ruwan suke faɗowa.

Kada ka jira dare ya tsala. Idan sama ta yi baƙi ƙirin, fitilu kan ƙone su zama farin tabo, saura kuma duhu. Abin da kake nema shi ne shuɗin nan da ke biyo bayan faɗuwar rana, kuma a ƙasashenmu na kusa da tsakiyar duniya ba ya daɗewa, da ƙyar ya wuce minti 25. Ga shi ya faɗo daidai magariba. Don haka tun la'asar sakaliya nake zuwa in zaɓi wurin tsayawa, in gama saiti, in yi salla a kusa da an kira, in dawo da hanzari.

Tiraifod, wato abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, dole ne. Kafa shi a ƙasa mai tauri, ban da gadar katako da mutane ke takawa, ban da laka. In akwai iska, rataya jakarka a tsakiyarsa ta danne shi. Kashe na'urar hana rawar hannu, domin a kan tiraifod ita kanta tana iya ɓata hoto.

Juya kyamara zuwa M, wato yanayin da kai ne za ka saita komai da hannu. ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 100, ƙofar haske f/8 ko f/11, lokaci daƙiƙa 10 don farawa. Ɗauka ka duba. In ya yi duhu, ninka lokacin zuwa 20. Kowane ninki yana ninka hasken da ya shiga. Kada ka taɓa ISO tukuna, ɗaga shi ne ke kawo tsakuwa-tsakuwar nan a sararin sama. Yawancin kyamarori a daƙiƙa 30 suke tsayawa, fiye da haka sai ka koma B, yanayin da kai ne za ka riƙe idon a buɗe iya lokacin da kake so. Masu son fitila ta fito da tsinkaye irin na tauraro suna matse ƙofar haske zuwa f/16. Ni ban cika so ba, kaifin hoton yana ɗan raguwa.

Fokas da hannu za ka yi, don a duhu kyamara lalube take. Zuƙo wata fitila mai nisa a allo, murɗa zoben fokas har ta zama ɗigo ƙarami, ka bar shi a nan. Sannan sa jinkirin daƙiƙa 2, yatsanka ya bar maɓalli kafin ido ya buɗe. Ka ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, za ka ji daɗin gyaran launi daga baya, musamman inda farar fitila ta haɗu da ruwan ɗorawa.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Samsung da dama suna kai daƙiƙa 30 a yanayin Pro na kyamararsu, iPhone ma haka a yanayin dare, muddin a kafe take ba a hannu ba.

Da hunturu ƙura kan watsa haske, hoto ya fito dishi-dishi. Daren da ya biyo bayan ruwan sama ya fi. Sai dai in ka fito daga mota mai sanyin AC, gilashin kyamara zai yi gumi, ka ba shi mintoci ya washe. Kwalekwalen da ke kan ruwa zai fito a dushe komai ƙoƙarinka, tunda lilo yake, sai ka cire shi daga hoton ko ka haƙura da shi.

Sa riga mai dogon hannu, sauron bakin ruwa ba ya wasa. Ka tafi da aboki, kuma ka gaisa da masu gadin wurin ka nemi izini kafin ka kafa tiraifod.