Yadda ake kwance ƙaramar fistol don gogewa

Ƙurar hunturu a Katsina ba ta barin ƙarfe, don haka jami'in tsaron da hukuma ta damƙa wa fistol irin Glock 19 sai ya riƙa goge ta akai-akai.

Da farko zare magazin, wato gidan harsasai, ka kai harsasai wani ɗaki daban. Ja murfin sama baya, ka leƙa ramin harsashi, ka kuma sa ɗan yatsa ka taɓa. Kada ka ce ai ka san babu komai, a nan ake yin ɓarna.

Saki murfin ya koma gaba, ka juya bakin fistol ɗin inda babu kowa, ka danna kunama. Ja murfin baya kaɗan, kamar milimita 3, ka sauke 'yan makullan gefe biyu tare, sai ka tura shi gaba ya fita. Daga cikin murfin, cire sifirin, wato lanƙwasasshiyar wayar nan mai mayar da shi gaba, sannan bututun da harsashi ke bi.

Zura burushi ta bayan bututun, ka bi da tsumma har ya fito fari. Mai kuwa ɗigo-ɗigo, a kan hanyoyin da murfin ke zamewa da jikin bututun. In ya yi yawa, ƙura ta manne ya zama taɓo.

Mayar da bututu, sifirin, sai murfi. Ja shi sau biyu ka ji yana tafiya sumul.