Yadda Za Ka Auna Ƙarshen Evangelion Kafin Ka Shiga Gardamar Majalisa

A wata majalisa da muke zama bayan sallar isha'i kusa da Ƙofar Ƙaura, nan cikin birnin Katsina, an kwana uku ana musu a kan ƙarshen Neon Genesis Evangelion, wani zanen katun na ƙasar Japan mai dogon zango. Ƙanena da ke karatu a jami'a ya dage cewa masu shirin sun ci amanar 'yan kallo, abokinsa kuma ya ce bai taɓa ganin ƙarshe mai tsoratarwa irinsa ba. A dare na uku na tambaye su abin da ya bayyana a allo kafin a rufe. Ƙanena ya ce mutane ne suka kewaye wani yaro suna tafi, abokin nasa ya ce yaro da yarinya ne kwance a bakin wani jan teku. Ashe kowa da abin da ya kalla. Wanda bai ga shirin ba tukuna ya sani cewa bayanin da ke tafe zai ɓare masa labarin.

Abu na farko ke nan: ka tabbatar da wane ƙarshe ne a hannunka. An nuna shirin a tashar TV Tokyo daga Oktoban 1995 zuwa Maris na 1996, kashi 26, Hideaki Anno ne darakta, kamfanin Gainax kuma ya shirya. A watan Yulin 1997 aka fitar da fim mai suna The End of Evangelion, wanda ya sake ba da labarin kashi na 25 da na 26 ta wata fuska dabam. Bayan haka akwai sababbin finafinai huɗu da suka fito a 2007, 2009, 2012 da 2021, waɗanda suka ɗauko labarin daga tushe suka kai shi wani ƙarshe nasu. Masu tura fim a waya sukan zuba waɗannan duka cikin jaka ɗaya ba tare da tsari ba, saboda haka ka dubi tsawon kowane fayil: kashi ɗaya na talabijin bai kai minti 25 ba, fim ɗin 1997 kuwa ya kusa awa ɗaya da rabi.

Ka kuma kula da fassarar da ke gudana a ƙasan allo, domin kashi biyu na ƙarshe kusan duk magana ce. Wanda ya kalle su a tsakiyar hayaniyar mai shayi da janareta, yana amsa saƙo a waya, bai kalle su ba.

Bayan haka sai ka gwada faɗin abin da ya faru ba tare da yabo ko suka ba, kamar mai ba da shaida gaban alƙali. Wannan ya fi wuya fiye da yadda ake zato. Labarin yana faruwa ne a shekarar 2015, inda aka kira Shinji Ikari, yaro ɗan shekara 14, ya tuƙa wani ƙaton abin yaƙi a ƙarƙashin hukumar NERV da mahaifinsa Gendo ke shugabanta, mahaifin da ya yi watsi da shi tun yana ƙarami. Har zuwa kashi na 24 ana gwabza faɗa da wasu halittu masu kawo wa birni hari, ana kuma tara asirai. Da aka zo kashi na 25 sai faɗan ya ɗauke cak. Abin da za ka gani shi ne Shinji zaune a kan kujera cikin duhu, tambayoyi suna fitowa a rubuce a kan baƙin allo, hotuna suna tsaye ba motsi, wani lokaci ma zanen ya koma 'yan layuka kamar na fensir. Ana cikin aiwatar da wani shiri na haɗe rayukan mutane wuri ɗaya, amma ba a nuna yadda abin ke gudana a waje ba, sai abin da ke cikin zukatan yaron da wasu daga cikin mutanen labarin. Daga ƙarshe ya yarda cewa yana da damar ya rayu a matsayin kansa, sai duk mutanen labarin suka kewaye shi suna taya shi murna. Idan ba za ka iya zayyana wannan ba, hukuncinka bai nuna ba tukuna.

Mataki mafi nauyi shi ne ka tambayi kanka wane alkawari labarin ya ɗaukar maka tun farko. Mu mun taso da tatsuniya wadda ake rufewa da ƙurunƙus, gizo ya samu sakamakonsa, kowa ya tafi ya kwanta da natsuwa, sannan finafinan Indiya suka saba mana da jarumi ya gama da bos kafin a tashi. Mai wannan tarbiyya zai ɗauka alkawarin Evangelion shi ne a bayyana asalin halittun nan da manufar Gendo, kuma ta wannan ma'auni ƙanena yana da gaskiya, domin bashin da aka ci ba a biya shi a talabijin ba. Amma ka koma kashi na ɗaya ka ga abin da aka fi tsayawa a kai: yaro yana tsaye gaban uban da ba ya ƙaunarsa, yana maimaita wa kansa cewa kada ya gudu. Idan wannan ne alkawarin, to kashi na 26 ya cika shi. A ganina labarin alkawari biyu ya ɗauka, talabijin ya cika ɗaya, fim ɗin 1997 ya ɗauki nauyin ɗayan, inda aka nuna sojoji sun afka wa hedikwatar NERV, Asuka, yarinyar da ke tuƙa abin yaƙi irin na Shinji, ta yi faɗanta na ƙarshe, duniya kuma ta narke a gaban ido. Mafi yawan musun da nake ji ya samo asali ne daga rashin bambance waɗannan biyu.

A nan ne wani zai ce ai kuɗi ne suka ƙare wa masu shirin. An daɗe ana danganta salon ƙarshen da ƙurewar lokaci da matsin aiki, kuma sanannen abu ne cewa Anno ya yi fama da ciwon damuwa kafin ya fara wannan aiki. Ka ajiye waɗannan a matsayin bayanin dalili, kada ka mai da su hujjar kyau ko muni. Tela da sallah ta ƙure masa zai iya fitar da ɗinki mai kyau, zai iya kuma ɓata shadda, rigar ce za a duba. Haka nan fushin da 'yan kallo suka yi a Japan a 1996 ba ya yanke maka hukunci.

Akwai batun da ba ya rasa tasowa a majalisun garinmu, wato sunayen addini da ke cikin shirin, irin su Adamu, da alamar gicciye, da kiran halittun nan mala'iku a fassarar Turanci. Kazuya Tsurumaki, wanda ya taimaka wa Anno wajen ba da umarni, ya bayyana cewa sun ɗauko alamomin ne don shirin ya fita dabam da sauran, ba don isar da wata aƙida ba. Wanda abin ya dame shi yana da 'yancin ya bar kallon, amma mai neman fassara ƙarshen ta hanyar waɗannan sunaye zai yi ta haƙa ne inda babu ruwa.

In za ka buɗe zancen a majalisa, ka fara tambayar wa ya gama, wa bai gama ba, don kada ka riga malam masallaci. Ka nemi kowa ya faɗi a wane kashi ya dogara, domin "ni dai bai yi mini ba" ba ya karɓar amsa. Ka kuma bar kwana biyu ko uku tsakanin kashi na 26 da fim ɗin, saboda wanda ya haɗa su a zama ɗaya, zafin fim ɗin yakan shafe masa natsuwar da ke cikin na talabijin. Fim ɗin akwai zubar da jini da wuraren da ba su dace da yara ba, kada kasancewarsa zane ya sa ka miƙa wa ƙannenka wayar.

Da na shimfiɗa wa ƙanena wannan tsari sai ya ce, "Yaya, ko na sake kallo sau goma, tafin nan ba zai biya ni kashi 24 da na zauna ina jira ba." Na tura masa fim ɗin ranar Juma'a, abokin nasa kuma ya karɓi kashi na 25 da na 26.