Yadda za ka haɗa salula da ɗakin karatu a Yamai

Ɗalibaina masu shirin BAC, jarrabawar ƙarshen sakandare, sukan ce, "Malam, komi yana cikin salula, me za mu je yi ɗakin karatu?" Ni ban raba kowa da salularsa ba. Cewa nake ku tafi da ita can.

Fara da katin shiga. Ka je cibiyar al'adu ta Oumarou Ganda, ko tsohuwar cibiyar Jean Rouch da aka sauya wa suna zuwa Moustapha Alassane a 2024, ka gai da mai kula da littattafai, ka tambayi abin da ake kawowa da ranakun buɗewa.

Kada ka fito gida sai da tambaya guda a rubuce. A ce yaƙin Sarauniya Mangu da ayarin Voulet da Chanoine a Lugu, shekarar 1899. Ka riga ka ji murya uku a WhatsApp, kowa da nasa zance. To, nan aikin yake. Ɗauko littafin tarihi, buɗe shafin farko, duba wa ya rubuta, yaushe, ina aka buga. Karanta babin, ka gwada da abin da aka turo maka. Inda suka saɓa, ja layi cikin kaye, ka kawo mini aji mu tattauna. Mai saƙon murya ba ya sa hannu, marubuci kuwa sunansa na kan bango.

Idan an yarda ka ɗauki hoto, fara da bangon littafin, sannan shafukan da lambarsu a fili, don kar bayan wata guda ka rasa daga ina suka fito. Kashe intanet kana zaune. Duk ranar da ka samu wifi, sauke Kiwix, manhajar karatu ba tare da intanet ba, ka zuba Wikipedia ta Faransanci ko ta Hausa, za ka karanta ba tare da ka sayi forfe ba.

Wanda ya shiga jami'ar Abdou Moumouni ya leƙa IRSH, cibiyar binciken jami'ar, inda ake ajiye tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ina so ƴaƴanmu su gan su da idonsu.

Abu ɗaya yana damuna: a zafin Afrilu, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, yaro ya tashi. Ku haɗu ku biyar ko goma, ku rubuta wa shugaban cibiyar ku roƙi sola, wurin caji da wifi, kowa ya sa hannu da lambar katinsa.