Yadda na gyara sonar ɗinmu a ruwan Legas

Ruwan lagun na Legas ba shi da zurfi. Sautin da sonar (na'urar gano abubuwa a cikin ruwa ta hanyar sauti) ke aikawa yakan daki ƙasan ruwa, ya daki saman ruwa, ya dawo ta hanyoyi da yawa a cakuɗe, ga kuma rugugin injinan jiragen ruwan tashar Apapa. Kwamfuta na neman amsa-kuwwa mai kama da siginar da ta fita, ba ta samu.

Sai na yanyanka kwafin siginar gunduwa-gunduwa, a gwada kowace ita kaɗai da sautin da ya dawo, sannan a tara ƙarfinsu. Gajeriyar gunduwa ba ta cika karkacewa ba. Na kuma daina dogaro da mita 1500 a daƙiƙa a matsayin gudun sauti a ruwa, domin da damina gishiri kan ragu, sauti ya ɗan rage gudu. Yanzu tarkacen ƙasan ruwa na fitowa a allo, sai dai auna nisa ya ɗan rage kaifi.